Aikin ba jiragen sama hannu: abin da ya kamata ku sani

Idan kana garin Lambata ka ga jirgi ya nufi Abuja, ka sani akwai wani a ƙasa da ke magana da matuƙinsa ta rediyo. Aiki ne da ɗan wannan yanki, mace ko namiji, zai iya kaiwa gare shi.

Mene ne aikin?

Mai ba jirage hannu shi ke ba matuƙi izinin tashi da sauka, ya gaya masa tsayin da zai bi, ya kuma raba shi da sauran jirage, galibi da tazarar ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa. Wani yana zaune a hasumiyar filin jirgi yana duban titin sauka ta gilashi. Wani kuma yana cikin ɗaki gaban rada, wato na'urar da ke nuna kowane jirgi a allo kamar ɗan ɗigo, da lambarsa da tsayinsa. Manyan cibiyoyin da ke kula da sararin samaniyar Najeriya suna Kano da Legas.

A ina ake koyo?

A Zariya. Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama, NCAT, wadda aka kafa a 1964, tana da sashe na musamman domin wannan aiki. Za a koya maka dokokin sararin samaniya, da yanayi, da karanta taswira, da ƙa'idar magana a rediyo. Daga nan sai ɗakin gwaji, inda kwamfuta ke kwaikwayon jirage, malami ya jefo maka matsala, kamar jirgin da injinsa ya mutu, ya ga yadda za ka ɓullo mata.

Me ake bukata?

Hukumar NAMA, mai kula da sararin samaniyar ƙasar, ita ke ɗaukar mafi yawan ma'aikatan. Takan nemi masu digiri a fannonin kimiyya, irin su lissafi, fiziks, labarin ƙasa ko injiniya, waɗanda suka gama bautar ƙasa. Jami'ar Fasaha ta Minna da Jami'ar IBB ta Lapai duk ba su da nisa da Lambata. In kana sakandare, ka riƙe lissafi da Turanci da kyau tun yanzu.

Gama kwaleji ya wadatar?

A'a. Sai ka yi aƙalla wata 3 kana aiki da jirage na gaske ƙarƙashin idon ƙwararre. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce ka kai shekara 21, likita ya tabbatar da lafiyar idonka da kunnenka da zuciyarka, Turancinka kuma ya kai mataki na 4 cikin 6. Sannan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ba ka lasisi. Gwajin lafiyar ana maimaita shi lokaci-lokaci, domin rayukan ɗaruruwan mutane na hannunka.

Nawa zan kashe?

Wanda NAMA ta ɗauka, galibi ita ke tura shi Zariya ta ɗauki nauyin horonsa. Babban kuɗin da ke kanka shi ne na karatun jami'a. Ka riƙa bibiyar sanarwar hukumar da kanta, kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka gurbi, ka guje shi.