Ishi, maharbin da ya koya wa likitansa sassaƙa baka

A wasannin Olamfik na yau, maharbi yana tsayawa mita 70 daga allon da zai harba, riƙe da baka na ƙarfe mai abin saiti da sandunan daidaita nauyi. A shagunan Turai da Amurka kuma akwai baka mai ƴan ƙafafu kamar na keke, wanda wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1969. Duk wannan jiya-jiya ne. Tsawon dubban shekaru ɗan Adam ya ci abinci, ya kare gidansa, da icce guda da tsarkiya da idonsa kawai.

Matsalar masu binciken tarihi ita ce icce ba ya jimirin zama a ƙasa. Kan kibiya na dutse yana daɗewa, shi ya sa aka tono waɗanda suka haura shekara 60,000 a kogon Sibudu na Afirka ta Kudu, kuma har gobe ana tsintar irinsu a rairayin Tenere. Baka kuwa sai an yi sa'a. Mafi tsufa da aka samu cikakku su ne na Holmegaard a ƙasar Danmak, waɗanda laka ta adana kimanin shekara 9,000. A 1991 ƙanƙarar tsaunukan da ke tsakanin Italiya da Ostiriya ta fito da gawar wani mutum mai shekara 5,300 da mutuwa, wanda aka laƙaba wa suna Ötzi. An same shi da baka mai tsawon mita 1.82 da bai gama sassaƙawa ba, da kwari mai kibau 14, biyu ne kawai a shirye. Sai bayan shekara goma hoton asibiti ya nuna kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu. Wani ya riga shi gama nasa bakan.

Waɗannan kayan sun nuna yadda baka yake, ba su nuna yadda hannu ke yin sa ba. Wannan darasin, wani mutum ɗaya ne ya bayar da shi a bainar masana, shi ma dab da ƙurewar lokaci.

Ranar 29 ga Agustan 1911, a kusa da garin Oroville na jihar Kalifoniya, aka ga wani mutum a bayan wata mahauta, ya rame, yunwa ta galabaita shi. Shekarunsa za su kai 50, kuma babu mai jin harshensa. Ɗan ƙabilar Yahi ne, ɗaya daga cikin ƴan asalin Amurka. Tun bayan da masu neman zinariya suka kwararo yankin a 1849 ake karkashe mutanensa, har ragowar suka ɓuya a cikin kwazazzabai shekaru kusan 40. A 1908 wasu masu awon ƙasa suka yi kiciɓis da maɓoyarsu, lokacin saura mutum huɗu, suka kwashe musu kaya har da baka da kibau. Bayan shekara uku shi kaɗai ya rage.

Masanin al'adu Alfred Kroeber na jami'ar Kalifoniya ya ba shi masauki a gidan adana kayan tarihi na San Francisco. A al'adar Yahi mutum ba ya faɗin sunansa da bakinsa, sai wani nasa ya gabatar da shi, kuma babu wanda ya rage da zai yi hakan. Sai aka kira shi Ishi, wato "mutum" a harshensu. Har ya bar duniya ba wanda ya ji sunansa na yanka.

Asibitin jami'ar yana maƙwabtaka da gidan tarihin, kuma a nan ya haɗu da likitan tiyata Saxton Pope. Likitan ya zo duba marar lafiya, ya koma ɗalibi.

Abin da Pope ya gani kuma ya rubuta ya nuna cewa sassaƙa baka aikin haƙuri ne. Ishi ya fi son wani icce na kan tsauni da ake kira junifa. Yakan tsaga reshe, ya ajiye shi a kwance a wuri mai duhu, marar damshi, watanni ko ma shekaru, sai ya bushe sarai. Kafin ya ajiye shi ɗin, yakan kankare shi da dutse har ya zama falale, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, ya lanƙwasa bakunan biyu a kan dutse mai zafi. Sirrin yana bayan bakan. Yakan tauna jijiyar ƙafar barewa har ta yi laushi, ya shimfiɗa ta a bayan iccen da danƙon da ya dafa daga fatar kifi. Idan aka ja baka, cikinsa na matsewa ne, bayansa na miƙewa, kuma ta bayan yake karyewa. Jijiya na jure miƙewa fiye da icce, idan ta bushe kuma tana tsukewa ta ƙara wa bakan ƙarfi. Da haka gajeren baka ke yin aikin dogo. Pope ya auna, ya ga jan bakan Ishi na buƙatar ƙarfin kilo 20, kuma yana kai kibiya kusan mita 180.

Kibiya ma haka. Yana gasa sandar a wuta ya miƙar da ita, ya ɗaura mata fuka-fukai uku, amma ba na mujiya ba, don yana ganin ba su da sa'a. Kan kibiyar yana fasa shi daga wani baƙin dutsen aman wuta mai ƙyalli, yana ɓantarar sa kaɗan-kaɗan da tsinin ƙaho. Da ya shigo birni ya ga fasassun kwalabe, ya ce ga kayan aiki. Ba ya jingina baka a tsaye, domin a wurinsa baka a tsaye aiki yake yi, zai gaji. Ba a tsallake shi, yaro ba ya wasa da shi.

Wurin harbin ne aka fi samun abin mamaki. Idan aka kafa allo mai zane-zane aka auna tazara, Pope da ya koya a hannunsa yana fin sa maki. Amma da aka shiga daji, musamman a tafiyar da suka yi zuwa ƙasarsa ta Deer Creek a 1914, sai labari ya canza. Ishi yana riƙe bakan a karkace, yana jan tsarkiya da babban yatsa, sau da yawa a tsugune. Ba ya rufe ido ɗaya, ba ya lissafin tazara. Yana kafa wa abin ido ne, hannu ya bi. Yaron da ke kakkaɓo tsuntsu da danƙo ya san wannan, haka ɗan ƙwallon da ke aika wa abokinsa ƙwallo daga nesa ba tare da ya auna mita ba. Ƙwaƙwalwa ta riga ta haddace yadda kibiya ke tashi da yadda take sauka, bayan harbi dubu bisa dubu. Turawa na kiran sa harbin ɗabi'a, kodayake babu wanda aka haifa da shi, sabo ne.

Irin wannan harbi yana da iyaka, kuma Ishi ya san iyakar. Ba ya son harbin nesa. Gwanintarsa ita ce kusantar dabba: bin iska, saɗaɗawa, jira. Yana ɗora yatsu a leɓe ya yi wani tsotso mai kama da kukan zomo da aka kama, sai zomaye su fito duba abin da ke faruwa. Idan zai fita farauta ba ya cin kifi, ba ya shan taba, don kada dabba ta jiyo wari.

Maharban ƙasar Hausa sun bi wata hanya dabam zuwa wannan manufa. Kibiyarsu ta kyauro ce, mafi yawa babu fuka-fukai, kanta na ƙarfe mai kunne, aikin maƙera. Abin da ya rage mata a nisa, dafin ƙwanƙwani ke cike shi, wanda ke tsayar da zuciya ko da rauni bai yi zurfi ba. Ƴan baka ne suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804, kuma da kibau masu dafi mutanen Sarauniya suka tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu cikin watan Afrilun 1899. Sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da dama, sai dai bindigar toka da ta zamani sun karɓe aikin, namun dajin ma sun ja baya, kuma dattawan da suka san wane icce ake sara, a wane lokaci, ba su ƙaruwa.

A Amurka, abin da Pope ya koya bai tsaya a kansa ba. Shi da abokinsa Art Young sun ci gaba da farauta da baka, ya kuma wallafa littafi kan haka a 1923. Wani matashi a Detroit, Fred Bear, ya ga fim ɗin farautar Young a Alaska, daga baya ya kafa kamfanin kera baka da har yanzu ke ɗauke da sunansa. A 1961 aka kafa ƙungiyar mafarauta da baka, aka sa mata sunan Pope da Young. Sunan malaminsu bai shiga ba.

Ishi bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Jikinsa bai saba da cututtukan birni ba, tarin fuka ya kashe shi ranar 25 ga Maris 1916. Kroeber, da ke New York a lokacin, ya aiko da saƙo kada a taɓa gawar, amma aka fiɗe ta, aka cire ƙwaƙwalwarsa aka aika cibiyar Smithsonian ta Washington. Sauran jikin aka ƙone shi bisa al'adar mutanensa, tare da baka ɗaya da kibau biyar. Sai a shekarar 2000 aka mayar da ƙwaƙwalwar ga ƙabilun da ke da dangantaka da Yahi, suka haɗa ta da tokarsa suka binne a wani wuri da ba su bayyana ba.