Daga Kusugu Zuwa Kongolam: Ina Rabon Talaka A Bukukuwanmu?

A harshen Hausa kalmar biki tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, wato taron murna da ake yi da kiɗa da abinci da ado. Ta biyu kuwa ita ce gudummawar kuɗi ko kaya da mace kan kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, wadda ake riƙe lissafinta, a kuma mayar mata, sau da yawa har da ƙari, ranar da nata sha'anin ya zo. Mu da muke sana'ar nazarin harshe mun san cewa al'umma ba ta raɗa wa abu biyu suna ɗaya sai in a idonta abu ɗaya ne. Ga Bahaushen da ya gina wannan harshe, shagali da taimakon juna tare suke tafiya, kamar ɗan juma da ɗan jummai.

Shaidar ba ta tsaya ga wannan kalma kaɗai ba. Gayya da gayyata tushensu ɗaya: manomi ya gayyaci samarin gari su taya shi noma, ya tanadi fura da tuwo, makaɗin gangar noma ya tsaya a bakin gona yana zuga su, aikin mako guda ya ƙare kafin la'asar. Ajo kuwa wasa ne da makaɗa kan shirya domin a tara wa wani kuɗi, ko don zai yi aure, ko don wata asara ta same shi. Tashe, wanda yara kan fara bayan azumi ya kai goma, wasan kwaikwayo ne mai gyaran hali, ladansa kuma hatsi ne da 'yan kuɗi da ake ba su gida gida. Kalankuwa da dambe da kokawa suna zuwa ne da kaka, daidai lokacin da manomi yake fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka. Duk inda ka ji ganga a ƙasar Hausa ta dā, in ka bi sawunta za ka tarar da wani mabuƙaci yana samun rabonsa.

Na kawo wannan shimfiɗa ne domin in yi magana a kan ƙasar Daura, musamman garuruwanta na bakin iyaka irin su Kongolam, da kuma abin da nake ganin ya kuɓuce mana a bukukuwan da muke yi da sunan raya al'adu.

Ba sai an gaya wa mai karatu matsayin Daura ba. A nan rijiyar Kusugu take, inda labarin kaka da kakanni ya ce Bayajida ya kashe macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya kuma auri sarauniya Daurama, daga zuriyarsu aka sami Hausa Bakwai. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan yadda ya kamata a fahimci wannan labari, amma babu mai musun cewa da shi Hausawa suka bayyana wa kansu zumuncin da ke tsakanin biranensu. Sarautar Daura kuma ta ga jiya ta ga yau. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci birnin, gidan Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure, har zuwa 1906 lokacin da Turawan Ingila suka mayar da Malam Musa kan karagar Daura. Bayansa aka yi Sarki Abdurrahman daga 1911 zuwa 1966, sai Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sannan Sarki Umar Faruk Umar ya gaje shi. M. G. Smith ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tsarin sarauta, wanda aka buga a 1978. Ga Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal, ga Hawan Magajiya da ke tuna wa jama'a cewa mata sun taɓa mulkin wannan ƙasa. Hatta Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, da ya rasu a 1999, a Daura aka binne shi saboda amincinsa da Sarki Bashar.

A 'yan shekarun nan an sami sabuwar sha'awar waɗannan abubuwa, abin farin ciki ne kuwa. Ranar Hausa ta Duniya, da aka fara a 2015 ake kuma yi duk 26 ga Agusta, ta yi babban taronta a Daura a 2025. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Sai dai duk wanda ya halarci irin waɗannan taruka a biranenmu zai lura da tsarinsu. Manyan baƙi suna zaune a rumfa, ana jawabi bayan jawabi, a kira makaɗa da 'yan dambe su yi minti goma, a jera ƙore da faifai da tabarmin kaba a kan tebur a ɗauki hoto, la'asar na yi kowa ya shiga motarsa. Badukun da ya kawo jakarsa daga ƙauye ya mayar da ita gida, ya kuma biya kuɗin mota daga aljihunsa. Ita kuma sadaka ta koma wani fage na daban: rabon buhun shinkafa da azumi, da layi mai tsawo, da mai ɗaukar hoto a gefe. Biki ya rabu gida biyu, rabi na kallo, rabi na roƙo, alhali a gayya da ajo wanda aka taimaka wa yau shi ne mai taimako gobe, don haka babu wanda mutuncinsa ya zube.

Wanda yake son ganin abin da wannan rabuwa ta jawo, ya bar birni ya yi arewa zuwa Kongolam, ko Kwangwalam a bakin mutanen wurin. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Mai'adua, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka haɗa masarautar Daura, sauran su ne Daura da Sandamu da Zango da Baure. Nan ne ƙofar Najeriya a kan hanyar da ta tashi daga Daura ta bi Matamaye zuwa Damagaram. Iyakar da ke wurin Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba dangi ɗaya gida biyu. Wani masani ɗan Amurka, William Miles, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta na wannan yanki, 'Yardaje a Najeriya da Yekuwa a Nijar, ya fitar da littafinsa a 1994 a kan yadda mulkin mallaka iri biyu ya sauya rayuwar mutane masu harshe ɗaya. A fagen da na fi sani, wato harshe, bambancin bai wuce na kalmomin aro ba. Na wannan gefe ya ce kwastan, na wancan ya ce duwan. Wannan ya ce makarantar boko, wancan ya ce lakwal. Amma karin maganarsu da kirarinsu da tatsuniyarsu da waƙar daka ta matansu duk abu guda ne, Dauranci da Damagaranci kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Rayuwar wannan yanki a kan zirga-zirga ta dogara, musamman ta kasuwar dabbobi ta Mai'adua da ke ci ranar Lahadi. Daga Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Irin wannan tsaiko yakan fara taɓa ɗan kasuwa da direba da ɗan dako, daga nan ya gangaro kan masu sana'ar hannu da makaɗa, domin mutum ba ya sayen sirdin ado ko ya kira mai kalangu sai tukunyar gidansa ta tafasa. Ɗan baduku da ya ga sana'ar ubansa ba ta ciyar da gida zai ɗauki babur ya shiga acaɓa, babu kuma mai ganin laifinsa. Ranar da tsohon ya kwanta dama, sunayen kayan aikinsa da na kowane irin ɗinki da rini sukan bi shi kabari. Haka kalmomi suke mutuwa, sana'a ce take fara faɗuwa, harshe ya biyo baya.

Saboda haka nake ba da shawara huɗu ga masarauta, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da 'yan bokon ƙasar Daura da Allah Ya buɗa wa a Abuja da Kaduna da Legas.

Ta farko, a kafa asusu na dindindin da za a ɗaura wa Sallar Gani, bisa tsarin waƙafi, wanda duk mai zuwa kallo da duk mai neman suna a wurin zai sa hannu a ciki. A damƙa shi ga amintattu daga ƙananan hukumomin nan biyar, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a kowace shekara, kamar yadda mata suke riƙe lissafin bikinsu ba tare da an ci kobon kowa ba. Ta biyu, kuɗin ya tafi ga koyon sana'a: a biya maƙeri da baduku da masaƙi da magini ladan koyar da marayu da almajirai, ta yadda sadaka ɗaya za ta rayar da yaro ta kuma rayar da sana'a. Ta uku, a mayar da baje kolin kayan gargajiya kasuwa ta gaske mai kwana biyu ko uku, kuma hukumomi da jami'o'i su riƙa sayen kyautar da suke ba baƙinsu daga hannun waɗannan mutane. Ta huɗu, a ware rana guda ta bikin a kai ta Kongolam, a gayyato 'yan kokawa da makaɗa da dattawa daga Matamaye da Magarya da Damagaram. Nijar tana gasar kokawa ta ƙasa tun 1975, a 2025 kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka muna da abin koyo a wurinsu kamar yadda suke da shi a wurinmu.

Mu ma malaman jami'a da namu kason. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na Jami'ar Bayero da ke Kano, da takwarorinsu na jami'ar Damagaram, suna neman batun da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa kowace shekara. Wayar da ke aljihun kowannensu ta isa ta naɗi muryar tsohuwa mai tatsuniya ko maƙeri yana lissafa kayan aikinsa. A tura su ƙauyuka, a biya dattawan da suka ba da lokacinsu, a ajiye kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a Daura inda jikokinsu za su iya saurara.

Na san akwai masu cewa kiɗa da wasa ba abin da ya dace a haɗa da sadaka ba ne, wasu kuma za su kawo batun tsaro a bakin iyaka. Dukkansu suna da hujja abin saurare. Amsar ta farko ita ce a sa malamai cikin masu tsara abin tun daga tushe, a tace abin da ya saɓa wa shari'a, a bar abin da bai saɓa ba, kamar yadda magabata suka yi da hawan salla. Ta biyu kuwa, saurayin da yake da sana'a a hannu, yake kuma da mutunci a idon garinsu, ya fi wuyar ruɗuwa ga masu fasa-ƙwauri da 'yan ta'adda fiye da wanda ba shi da ko ɗaya.

Daura ta sami jami'ar sufuri da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 kuma ta cikinta aka tsara zai bi. Baƙi za su ƙaru, kuɗi ma za su shigo. Abin da ya rage gare mu shi ne mu tabbatar cewa sa'ad da baƙon ya sha ruwan Kusugu ya tambayi ina masu sana'ar garin, akwai wanda za a nuna masa yana aiki, da yaro a gefensa yana koyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa masu iko su ji, Ya kuma ba mu ikon yin namu.