Kasuwa a Ƙasa, Majalisa a Sama

Duk wanda ya tsaya a dandalin kasuwar Leipzig, a gabashin Jamus, ya dubi tsohon gidan majalisar birnin, zai lura hasumiyarsa ba a tsakiya take ba. Gini ne dogo, wajen mita 90, goshin rufinsa ɗauke da manyan zankwaye shida, biyu a hagun hasumiya, huɗu a damanta. Hieronymus Lotter, ɗan kasuwa kuma magajin gari, shi ya jagoranci aikin a 1556 zuwa 1557, aka ɗora sabon gini a kan harsashin na da, shi ya sa bangon gaba ya ɗan karkace. Tun 1909 gidan tarihin birnin ne. A ganina, cikin duk kayan da aka tara a wurin babu wanda ya kai ginin kansa ba da labari.

Dubi yadda aka raba shi. A ƙasa rumfuna ne a jere suna fuskantar kasuwa, a sama kuma zauren taro mai tsawon fiye da mita 50 da ɗakin da ’yan majalisa ke zama, can ƙarƙashin ƙasa kurkuku. Leipzig gari ne da ya yi arziki da bajekolin fatake, don haka masu mulkinsa ba su ga abin kunya ba a ce suna yanke hukunci alhali ana ciniki a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ai su ma ’yan kasuwa ne. A ɗakin majalisar nan Johann Sebastian Bach ya sa hannu a takardar kama aiki a 1723, kuma hotonsa da mai zane Haussmann ya zana a 1746 yana cikin gidan. Idan baƙo ya hau matakala daga hayaniyar rumfuna ya shiga ɗakin, ba sai an gaya masa cewa shahararren mawaƙin nan ma'aikacin attajiran gari ne ba, su ke biyansa, su ke yi masa faɗa.

Akwai masu cewa wannan duk ruɗin ido ne, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Da majalisa ta koma sabon gidanta a 1905 har an yi batun rushe tsohon. Da aka fasa, gyaran da aka yi tsakanin 1906 da 1909 ya kusa zama sabon gini: rumfunan katako aka kwashe, aka sa na jan dutsen Rochlitz. Sannan a daren 4 ga Disamba 1943 bama-bamai suka ƙone rufin, aka sake gina shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. To ina ginin Lotter yake? Amsar ba za ta yi wa mutumin Kano wuyar ganewa ba. Gidan Makama, wanda shi ma gidan sarauta ne da ya koma gidan tarihi, ba zai kawo yau ba in ba don yaɓen da ake ta sabuntawa ba, amma ba wanda ya ce zaurukansa na bogi ne saboda ƙasar da ke jikinsu ba ta zamanin Sarki Rumfa ba ce. Abin da ake gada shi ne fasali: ina ƙofa take, wa ke sama, wa ke ƙasa. Wannan kuwa bai gusa ba a Leipzig, har karkacewar bangon aka bari.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: ɗakunan da aka gina don shari'a da liyafa ba su dace da adana tsofaffin takardu da zane-zane ba, kuma wurin ya yi kaɗan. Gaskiya ne, shi ya sa hukumar gidan ta gina wani sabon reshe a kusa, ta kai ma'ajiyarta da nune-nunen wucin gadi can. Abin da ya rage a tsohon gidan shi ne wanda sai a nan yake da ma'ana, kamar ƙaton samfurin birnin yadda yake a farkon shekarun 1820, da ke cikin babban zaure. Mai kallo zai nemo ɗan ƙaramin gidan majalisa a cikinsa, ya leƙa taga ya ga dandalin na gaske, inda har gobe ake kasa kayan miya ranakun Talata da Juma'a.