Malamin da harshensa ya ɗaure

A watan Rajab na shekarar 488 bayan Hijira, wato 1095 Miladiyya, malamin da ya fi kowa suna a Bagadaza ya zauna gaban ɗalibansa ya kasa cewa uffan. Imamu Ghazali ne. Shekara huɗu ke nan da waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi kan makarantar Nizamiyya, ɗalibai kusan 300 na ɗaukar karatu a wurinsa. Harshe ya ɗaure, abinci ya ƙi shiga, jiki ya yi rauni. Likitoci suka duba, suka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba zai ji magani ba sai an kawar da damuwar da ta haife shi.

Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal. Ya ce ya binciki niyyarsa ta koyarwa, sai ya tarar ba don Allah yake yi ba, neman girma ne da son a san shi. Wajen wata shida yana kai-kawo, yau ya ɗaura niyyar tafiya, gobe ya kwance. Daga ƙarshe ya bar kujerar, ya nufi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar masallaci ya kulle kansa wuni guda. Ya je Ƙudus, ya yi aikin hajji, ya koma garinsu Ɗus. A wannan tsakani ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, wanda har gobe ake karantawa a zaurukanmu.

Abin da masu ba da labarin kan tsallake shi ne ya dawo aji. A 1106 ya karɓi koyarwa a Nizamiyya ta Naisabur, bayan shekara 11, ya kuma ce wanda ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba: da yana koyar da ilimin da ake samun matsayi da shi, yanzu yana koyar da wanda ke sa a bar son matsayi.

Ba ina cewa kowane malamin firamare da ya gaji ya tattara ya bar gari ba. Mai iyali da albashin da ba ya kai tsakiyar wata ina zai je? Abin ɗauka shi ne hanyar da Ghazali ya shimfiɗa a babin muhasaba na Ihya'u, inda ya kwatanta mutum da ɗan kasuwa mai abokin tarayya: da safe a kafa sharaɗi, da rana a sa ido, da dare a zauna a yi lissafin riba da faɗuwa.

Ga yadda hakan yake a aji. Malama ta gama maka takardun jarrabawa, ta ga mafi yawan yara sun faɗi tambaya guda, ta raba lamba da sulusi. Abu mafi sauƙi shi ne ta ce yaran bana daƙiƙai ne, ta ja jan biro ta wuce. In ta tsaya ta tuna ranar da ta koyar da darasin, za ta iya gano cewa bayan tara ne, rana ta take, ta juya wa aji baya tana rubutu a allo, da ta tambaya ko an gane aka amsa baki ɗaya, ita kuma ta yarda. 'Yan bencin gaba uku ne suka gane, sauran amshi suka yi. Wannan abu ne da za ta iya gyarawa ranar Litinin. Masana tarbiyya na Amurka sun daɗe a kan irin wannan waiwaye da mutum ke yi wa aikinsa. John Dewey ya yi bayaninsa a 1910, Donald Schön kuma a 1983 ya bambanta tunanin da gwani ke yi yana tsakiyar aiki da wanda yake yi bayan ya gama.

Amma akwai tarko, kuma masu tsoron Allah da masu kishin aiki sun fi faɗawa ciki. Yi wa kai hisabi daban, saƙe-saƙen zuci daban. Mai hisabi yana tambayar me ya faru, me na yi, me zan canza, ya rufe littafi ya kwanta. Mai saƙe-saƙe yana maimaita "me ya sa ni kullum haka nake" har asuba, bai fito da komai ba. Binciken Susan Nolen-Hoeksema ya nuna cewa irin wannan tuƙa da warwara tana tsawaita ciwon damuwa, tana kuma ƙara masa tsanani. Rubutu yana taimakawa wajen tsayar da ita, domin abin da aka sa a takarda yana da farko da ƙarshe. A 1986 James Pennebaker ya sa wasu ɗaliban jami'a rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana 4, aka ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo. Wanda kuwa barci ya ƙaurace masa makonni, abinci ya fita ransa, ko yake jin gara ya mutu, wannan likita zai gani, littafin rubutu bai isa ba.

Kuma ido ba ya ganin kansa. Shi ya sa malamai a Japan suke tsara darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefen aji suna lura da yara, sannan a zauna a tattauna. A wurinmu baƙo a aji sufeto ne, da an hango motarsa sai a hau gyaran rajista. Malamai biyu da suka yarda da juna ba sa bukatar takarda daga ma'aikata: ɗaya ya zauna a bencin baya na minti 40, ya rubuta sunayen yaran da ba a kira ko sau ɗaya ba, mako mai zuwa su yi musaya.