Macijin Ciki a Ɗakin Tiyata

Daga cikin abubuwan da likitocin fiɗa suke tararwa idan suka buɗe cikin majinyaci a asibitocin mishan na karkara, irin su asibitin Galmi da ƙungiyar SIM ta kafa a 1950 a jihar Tawa ta Nijar, ko asibitin Vom na jihar Filato, akwai tsutsar da Hausawa suke kira macijin ciki, wadda masana suka sani da Askaris. Tsutsa ce doguwa, fara mai ratsin ja, kaurinta ya kusa na fensir, kuma tamatar takan kai tsawon santimita 35, tana zuba ƙwai kimanin 200,000 a kowace rana, waɗanda suke fita tare da bayan gida.

Ƙwan yakan nuna a cikin ƙasa mai danshi cikin 'yan makonni, shi ya sa cutar ta fi tsanani a yankunan da ruwan sama ya yawaita fiye da busasshiyar ƙasar Sahel, ko da yake lambunan rani da ake yi wa taki da kashin mutum ba su tsira ba. Idan yaro ya haɗiye ƙwan ta hanyar hannu mai dauɗa ko ganyen da ba a wanke ba, sai ya ƙyanƙyashe a ƙaramin hanji, 'ya'yan su bi jini zuwa hanta da huhu, su hauro maƙogwaro, a sake haɗiye su, sannan su girma a hanji cikin wata biyu zuwa uku.

Tsutsa ɗaya ko biyu ba kasafai suke kai mutum ga wuƙa ba; matsalar takan taso ne idan suka yi yawa a hanjin ƙaramin yaro, wanda da ma siriri ne, suka cukuikuye kamar ƙullin taliya suka toshe hanya. Daga nan sai ciki ya kumbura, amai ya tsananta, wani lokaci har da tsutsa a cikinsa, kashi da tusa kuma su ɗauke. Likita yakan fara da hana cin abinci, da ƙarin ruwa, da zura roba ta hanci don zuƙe abin da ya taru a tumbi, kuma yara da dama sukan warware da wannan. Amma idan nauyin ƙullin ya murɗe hanji har jini ya daina isa gare shi, ba makawa sai an yi fiɗa.

A kan teburin aiki, likita yakan ji tsutsotsin a ƙarƙashin yatsunsa tun kafin ya gan su, suna motsi ta cikin bangon hanji. Abin da ya fi so shi ne ya tatse su a hankali zuwa babban hanji, inda za su fita da kansu ba tare da an yanka komai ba. Idan ƙullin ya ƙi, sai ya tsaga hanjin ya zaro su da hantsaki zuwa cikin tasa, idan kuwa wani sashe ya riga ya yi baƙi ya mutu, sai a yanke shi a haɗa bakunan biyu. Haka nan a aikin hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, wanda ya yawaita a waɗannan asibitoci, akan tarar da tsutsa ta bi ta hujin ta fito fili a cikin ciki. Zafin jiki da maganin barcin tiyata suna firgita ta, har takan kutsa hanyar maɗaciya, ko ta ɓullo ta hancin majinyaci bayan an gama aiki.

Abin takaici shi ne yawancin waɗannan yara sun yi kwanaki a gida ana jiƙe-jiƙe, saboda nisan hanya da tsoron kuɗin asibiti, alhali ƙwaya ɗaya ta albendazol mai miligiram 400 tana kashe tsutsar tun kafin ta taru. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum kimanin biliyan 1.5 suna ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, tana ba da shawarar a riƙa bai wa yara maganin sau ɗaya ko biyu a shekara inda cutar ta yawaita. Wanda aka yi wa fiɗa ma akan ba shi maganin da zarar hanjinsa ya koma aiki, a kuma maimaita daga baya, domin ƙwan yana iya yin shekaru a ƙasa da ransa, kuma yaron da ya koma unguwar da babu masai yakan sake kamuwa cikin 'yan watanni.