Yadda Yaro Ya Ke Koyon Magana

Ba a haifi kowa da magana a bakinsa ba. Jariri kuka kaɗai ya iya. In ya kai wajen wata 6 sai ya fara gwaranci, yana "ba-ba-ba" da "ma-ma-ma". In ya cika shekara ɗaya ya kan furta kalmarsa ta fari. Wajen shekara 2 kuwa sai ya shiga haɗa kalmomi biyu, kamar "Inna, ruwa".

Masana sun daɗe suna kasa kunne ga bakin yara. A 1941 wani malami mutumin Rasha, mai suna Roman Jakobson, ya fitar da littafi a kan wannan al'amari. Ya nuna yara ba su koyon sautukan magana barkatai, bi da bi su ke yi. Waɗanda a ke yi da leɓe, irin su b da m, suna cikin na farko, don ba su da wuya. Shi ya sa a harsuna da yawa sunan uwa da na uba su ke kama da "mama" da "baba".

Sautuka masu wuya su kan makara. Kafin yaro ya iya su, sai ya musanya su da masu sauƙi. Ƙaramin yaro a Kalgo ya iya ganin kaza ya ce "taza", domin k daga can cikin baki ta ke fitowa, t kuwa daga bayan haƙora. Ya kan kira ruwa "luwa", domin kaɗa harshe sai an saba. Ya kan yanke kan ayaba ya ce "yaba". Wannan ba ciwo ba ne. Kafin shekara 4 ko 5 yawancin yara sun gyara, har baƙo ma yana gane maganarsu.

Akwai kuma wani bambanci da a kan ɗauka kuskure ne, alhali kuwa ba haka ba ne. Ɗan makaranta a Gwandu ya kan ce "sabka" da "zamna" da "amre", amma in ya buɗe littafinsa sai ya ga "sauka" da "zauna" da "aure". Dalili kuwa shi ne Hausar littafi ta fi bin ta Kano, alhali Gwandu da Kalgo da sauran ƙasar Kabi Hausar yamma su ke yi, irin ta Sakkwato. A 1928 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana yadda abin ya faru. Ashe "sabka" da "zamna" su ne na asali. A bakin mutanen gabas ne b da m ɗin nan suka rikiɗa suka zama u. Saboda haka Bagwande ba ya da abin jin kunya. Ya koyi Hausar littafi don rubutu, ya kuma riƙe ta gidansu.

Amma akwai yaran da magana ta ke ba su wuya ƙwarai. Wani yana da tsamin baki, watau ya girma amma wasu sautuka sun ƙi fita daidai. Wani yana da i'ina, kalma ta maƙale masa, ko ya yi ta maimaita farkonta. A cikin yara 100, kamar 5 su kan yi i'ina na wani lokaci, galibi tsakanin shekara 2 da 5. Yawancinsu ta kan sake su, amma ta kan bi kamar mutum ɗaya cikin 100 har girma. Wani kuma kunne ne ya hana shi, gama wanda bai ji magana ba, ba shi da abin kwaikwaya. Sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa duk suna iya kurmantar da yaro. Don haka in yaro ya kai shekara 2 bai ce kome ba, ko a kira shi daga baya bai waiwayo ba, ya kamata a kai shi asibiti a duba kunnensa tun da wuri.

I'ina ba rashin hankali ba ce. Sarkin Ingila Joji na 6, wanda ya yi sarauta daga 1936 zuwa 1952, mai i'ina ne. Wani malamin gyaran magana ya yi shekaru yana taimakonsa, har ya riƙa yi wa jama'arsa jawabi ta rediyo.

Abin da ya fi cutar mai i'ina shi ne dariyar 'yan'uwansa. In an yi masa ba'a sai tsoro ya kama shi, harshen ya ƙara sarƙewa, har wani ya daina ɗaga hannu a aji ko da ya san amsa. Yaron kirki ba ya kwaikwayonsa, ba ya kuma ƙwace masa kalma daga baki. Sai ya dube shi, ya saurara har ya ƙare.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙaramin yaro ya kan ce "taza"?
2. Tsakanin "sabka" da "sauka", wacce ce ta asali?
3. Yaya ya kamata a saurari mai i'ina?