Baurere: Furen Ado Mai Dafi a Saiwa

Da damina ta kankama, baurere kan tsiro ya bi danga yana hawa, yana maƙalewa da siraran zaren da ke bakin ganyensa. Furensa ja ne da ruwan ɗorawa, ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta. Wasu na ce masa gatarin kurege ko gudumar zomo, masana tsirrai kuma Gloriosa superba. Don kyansa Zimbabuwe ta mai da shi furen ƙasa. Ƙasa mai rairayi yake so, irin ta Nguru da Gashuwa, don haka raya shi a tsakar gida ba wuya.

Sai dai duk jikinsa dafi ne, musamman saiwa da iri. Yana ɗauke da sinadarin kolcisin, wanda likitoci ke ba masu wani nau'in ciwon gaɓoɓi ɗan ƙanƙani, bisa awo. In ya wuce kima, kisa yake yi.

Da rani abin ya fi haɗari. Ganye ya bushe, fure ya tafi, saiwar kawai ta rage a ƙasa, doguwa mai lanƙwasa, sai ka ce ɗan dankali. A Siri Lanka da kudancin Indiya mutane sun sha cin ta bisa kuskure, wasu har sun rasa rayukansu. Dafawa ba ta kashe dafin.

Cikin awa 2 zuwa 6 wanda ya ci zai ji baki da maƙogwaro na zafi, sai amai da gudawa su biyo. Nan ake ruɗuwa, a ɗauka kwalara ce ko ɓacin ciki. Bayan kwana 1 zuwa 3 dafin kan taɓa ƙoda, hanta da zuciya. Ga Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a, wannan babban abin tsoro ne, domin ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da dafin da wuri.

In yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A garzaya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibiti mafi kusa, tare da ragowar saiwar don likita ya gani.

Mai son shuka baurere ya sa a tukunya, inda yara da awaki ba sa kaiwa, ya sa safar hannu in zai tone, kuma kada ya ajiye saiwar a madafa ko rumbu. Gidan da ke da ƙananan yara kuwa, gara a tumɓuke shi duka a ƙone.